Mako ukun da bai zo ba

Yaron da nake jinya shekararsa 16, kuma sai da muka yi wata huɗu muna zama duk Talata, minti 50, kafin ya fara haɗa ido da ni. A aikinmu na jinyar zuciya ta hanyar magana, an hore mu da sauraron abin da ke ƙarƙashin zance, mu bi shi har ƙuruciya. Horon nan ne ya kai ni ya baro.

Ran nan ya shigo bai sauke hular rigar sanyinsa ba. Ya ce 'yan sanda sun tare shi a tashar bas, suka zazzage jakarsa a ƙasa, littattafai da komai, abokansa biyu fararen fata na tsaye ba wanda ya ce musu kanzil. Yana faɗa yana murza zif ɗin jakar. Ni kuwa da na san babansa mai zafin hannu ne, sai na ce, "Ko abin ya tuna maka yadda Baba yake birkice maka ɗaki?"

Ya ɗago ya dube ni. "Malama, kin ji abin da na ce kuwa?"

Mako uku bai dawo ba.

Abin da har yanzu yake ci mini rai, ni ma baƙar fata ce. Da na kai maganar wa mai duba aikina, ba ta yi mini faɗa ba, tambayata kawai ta yi yaushe aka fara yi mini irin kallon zargin da aka yi wa yaron. Na kasa amsawa. Tun 1910 Freud, likitan da ya assasa irin wannan jinyar tamu, ya yi maganar abin da majinyaci ke tayarwa a zuciyar mai jinyarsa, kuma na sha rubuta shi a jarrabawa. Ashe na ruga wajen baban ne don labarin uba ya fi mini sauƙin ɗauka fiye da tashar bas.

Na koma kan Fanon, likitan ƙwaƙwalwar nan ɗan tsibirin Martinik. A 1952 ya nuna cewa ciwon baƙar fata ba daga gida kaɗai yake tasowa ba, har da yadda al'umma ke kallonsa kullum. Na san wannan sarai. Amma a ɗakin, na ɗauki abin da ya faru a titi da rana tsaka na mayar da shi tamkar saƙar zuci. Hukuma ta ƙi yarda da shi, ni ma na ƙi, sai dai tawa da murya mai laushi.

Da ya dawo ban yi kwana-kwana ba. Na ce abin da aka yi masa wariya ce, na kuma yi kuskure. Ya ɗaga kafaɗa kawai.

Bayan wata biyar shi da kansa ya kawo zancen baban. Ya ce duk dukan da ya sha, a kan dawowa gida da dare ne, kuma tun yana ɗan shekara tara baban ke koya masa kada ya gudu in an tsayar da shi, kada ya sa hannu a aljihu. Wato akwai alaƙa, amma a baibai na ɗauko ta: tsoron titin ne ya shigo gidan. Da na bar shi ya kai can da ƙafarsa, da ban yi asarar mako ukun nan ba.

Har muka rabu bai taɓa ajiye jakar nan a ƙasa ba a ɗakina. Kullum tana kan cinyarsa.