Ciwon da Muka Tarar a Bayan Umma

Mun kai Umma gidan kula da tsofaffi a watan Maris na 2022, a wani gari na arewacin Ingila, amma sai da na yi mako biyu kafin na iya gaya wa 'yan uwa a Kano. Na san abin da za a ce: ɗan fari guda, da gidansa da matarsa, ya ɗauki mahaifiyarsa ya miƙa wa bare. Shanyewar ɓarin jiki ta riga ta kwantar da ita, mantuwar da ta biyo baya tana ƙaruwa, ɗaga ta daga gado kuma sai mutum biyu da na'ura. Wata bakwai muka yi muna jinyarta a gida, ni da matata, kowa da aikinsa, har daren da ta zame daga hannunmu a banɗaki. Washegari muka fara neman wuri.

Wannan kunyar na riƙa shiga gidan da ita duk Asabar. Ina gaishe da ma'aikata kamar wanda ake yi wa alfarma, ina godiya a kan abin da ba na godiya ba, alhali kuɗin Umma ne ake biya, fam dubu da ɗoriya kowane mako. A Ingila duk wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi ke biya wa kansa, gidan da Baba ya bari kuwa ya sa ta haura. Amma wanda yake ganin shi ma mai laifi ne ba ya iya ɗaga ido ya tuhumi wani, ni kuma haka nake ganin kaina.

Alamun sun daɗe a gabana. Kofin ruwa a cike, an ajiye shi ta ɓarin hannun da ya shanye. Leɓɓanta sun tsage. Igiyar ƙararrawar kiran ma'aikata tana reto a bayan gado, inda ko mai lafiya sai ya miƙe zai taɓo ta. Zoben da ta fi shekara talatin ba ta cire ba na tsinta a cikin bargo. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, na ga ramar sarai, da na tambaya aka ce ai tsufa ne, ba ta son cin abinci, na karɓa. Sau uku na tarar da ita cikin rigar wata, sau da yawa ɗakin yana zarni. Kuma ko da ƙarfe goma na safe na zo ko da la'asar, a kwance take a rigingine, yadda na bar ta.

Umma ta zo ƙasar nan a 1978, ta yi aiki da Turanci shekaru masu yawa, amma ciwon mantuwa ya kwashe shi ya bar mata Hausa kaɗai. Hakan na faruwa da masu wannan ciwo, harshen da aka koya daga baya shi ke fara tafiya. To duk abin da take faɗa, a kunnen ma'aikata surutun ruɗewa ne. Ni da nake jin ta ma ban fahimta ba. Ta riƙa cewa, "Bayana, bayana," ni kuma sai in shafa mata man zafi a kafaɗa in gyara mata mayafi. Ban taɓa tunanin in ɗaga rigarta ba. Wane ɗa ne zai yi? Tun ina yaro ko sunana ba ta kira, balle in kai hannu jikinta.

A watan Nuwamba ƙanwata ta zo daga garin da take aure, ta ce za ta yi mata wanka da kanta. Na fita na tsaya a baranda. Ba a yi minti biyar ba ta buɗe ƙofa, ta ce, "Yaya, shigo."

Na ce, "Ki rufe ta tukuna."

Ta ce, "Yaya, yau ba ranar kunya ba ce. Shigo ka gani da idonka."

A ƙasan bayanta, daidai ƙashin ƙugu, an liƙa wani bandeji da ya jiƙe ya yi baƙi. Ƙarƙashinsa rami ne da ya kai faɗin bakin kofin shayi, yana ruwa, yana wari. Diddigenta na hagu kuma ya yi duhu kamar an ɗiga masa tawada. Ba wanda ya taɓa buga mana waya ya ce akwai ciwo.

A asibiti wata nas mai kula da raunukan fata ta zaunar da mu ta yi mana bayani. Gyambon kwanciya ne. Idan mutum ya daɗe a kan ɓari ɗaya, nauyinsa yana matse nama tsakanin ƙashi da katifa, jini ya daina zuwa, wurin ya mutu daga ciki. Mataki huɗu gare shi. Na farko fata ba ta fashe ba, na biyu ta saluɓe, na uku ya ci fata ya kai kitse, na huɗu har tsoka ko ƙashi. Na Umma na uku ne, ga ƙwayoyin cuta sun shiga, ga ƙarancin ruwa a jiki. Ta ce ƙa'idar da hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta fitar a 2014 ita ce mutumin da ke cikin babban haɗari a juya shi aƙalla duk awa huɗu, a sa masa katifar da ke rage matsi, a riƙa duba fatarsa. Sai ta ƙara da wata magana da nake so duk baƙar fata ya riƙe. Ana koya wa ma'aikata su nemi jan wuri a fata, mu kuwa fatarmu ba ta nuna ja. A jikinmu wurin yakan yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi shunayya, ya yi zafi ko tauri idan an taɓa. Wanda ya tsaya jiran ja, sai ya ga rami.

Asibitin da kansa ya kai rahoto sashen kare manya masu rauni na ƙaramar hukuma. A nan na fara sanin cewa akwai sashe na 42 na Dokar Kula ta 2014, wanda ya wajabta wa ƙaramar hukuma ta yi bincike idan ana zargin an cutar ko an yi sakaci da babban da ba ya iya kare kansa. Ba sai likita ba, kowa na iya kai wannan rahoto, ko da wayar tarho ce, kuma ba a biyan ko kwabo. Da na san haka, da ranar da na tsinci zoben nan na kira su.

Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a da aka ba maganar ta tambaye ni, "Yaushe ka fara ganin ta rame? Wa ka gaya wa? Me ya ce?" Na yi shiru. Ina da labari cike da ciki, ba ni da kwanan wata ko ɗaya. Abin da ya cece mu hotuna ne, waɗanda nake ɗauka duk mako ina tura wa dangi a WhatsApp don su ga tana lafiya. Kowanne da ranarsa. Da muka jera su, fuskar tana zubewa wata bayan wata, kofin nan kuma yana nan a ɓarin hagu cikin hoto bayan hoto. Daga ranar na sayi littafi. Duk wanda na yi magana da shi, in rubuta sunansa da muƙaminsa da lokaci, in dawo gida in aika masa imel in ce ga abin da muka tattauna ɗazu. A ƙasar nan maganar da ba a rubuta ba tamkar ba a yi ta ba ce.

Sai neman takardun jinyarta. Doka ta ba mai bayanai damar neman kwafin duk abin da aka rubuta a kansa, a ba shi cikin wata ɗaya. Umma ba ta da hankalin nema, amma muna da takardar wakilci da suke kira LPA, ta lafiya da ta dukiya, wadda ta sa wa hannu bayan rasuwar Baba tun tana garau. A lokacin ni na ƙi, na ce wannan ai kamar rabon gado ne mutum na da rai. Ƙanwata ce ta nace. Takardar ba ta yiwuwa sai mutum yana cikin hayyacinsa, idan ya wuce nan sai an bi ta kotun da ke kula da masu raunin hankali, hanya mai tsawo da tsada. Da takardun suka zo, a cikinsu muka ga komai. Jadawalin juyi yana da giɓin awa tara, awa goma sha ɗaya, wasu dararen babu sa hannun kowa. An auna ta an ga ta zubar da kilo takwas cikin wata biyar, ba a kira likitan abinci ba. An rubuta ganin ciwon mako uku kafin ƙanwata ta gan shi. Ga shi kuwa akwai ƙa'ida ta 20 cikin dokokin 2014 da ke tafiyar da irin waɗannan gidaje, wadda ta tilasta musu su faɗa wa mai abu ko wakilinsa gaskiya idan mummunan abu ya faru, su kuma ba da haƙuri.

Ina so in yi wa ma'aikatan adalci. Da yawansu 'yan Afirka ne, wasu 'yan Najeriya da suka shigo bayan an buɗe bizar masu kula da tsofaffi a 2022, zamansu a ƙasar a hannun mai gidan yake. Ɗaya daga cikinsu ta tare ni a wurin ajiye motoci, tana waige-waige, ta ce, "Oga, da dare mu biyu ne a bene guda." Ban ga mugunta a idon kowa ba. Hannaye ne suka yi kaɗan, wanda ya rage su don riba kuma ba ya kwana a wurin.

Binciken ƙaramar hukuma ya tabbatar da sakaci. Daga nan hanyoyi suka rabu, kuma sai da na yi ɗan yawo kafin na gane kowace da inda take kaiwa. Hukumar CQC, mai rajista da duba gidajen kula a Ingila tun 2009, na rubuta mata komai. Ita ba ta warware ƙorafin mutum ɗaya, ba ta kuma karɓo diyya, amma da irin wannan bayani take yanke shawarar zuwa dubawa, tana iya rage wa gida daraja ko ta rufe shi. Akwai ofishin Ombudsman mai sauraron koke kan ƙananan hukumomi da gidajen kula, kyauta ne, sai dai sai ka fara kai ƙorafi ga gidan da kansa, kuma kada ka bari wata 12 ya wuce. Yana iya cewa a nemi gafara, a mayar da wani ɓangaren kuɗi, a gyara aiki. Idan ka riga ka shiga kotu a kan maganar, ba zai taɓa ta ba, don haka a yi tunani kafin a zaɓa. 'Yan sanda kuma suna shigowa ne idan sakacin na ganganci ne, laifin da wata doka ta 2015 ta sa wa ɗaurin da zai iya kai shekara biyar. Namu bai kai can ba.

Saura ƙarar neman diyya, kuma a nan gidanmu ya rabu biyu. Kawu ya kira daga Kano ya ce, "Ƙaddara ce ta riga fata. Ku bar su da Allah, kada ku ci kuɗin ciwon uwarku." Maganar ta zauna mini a ƙirji kwanaki. Na yarda da ƙaddara, amma da na nutsu sai na ga haƙƙin ba nawa ba ne balle in yafe. Jikin Umma aka cuta, kuɗinta aka karɓa ba a yi aikin ba, ita kuma ba ta da bakin cewa ta yafe ko ba ta yafe ba. Wakilci ta ba ni don in tsare mata, ba don in yi kyauta da shi ba. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, amana ce a wuyana." Bai ji daɗi ba, amma bai hana ba.

Lauyar da muka samu ta ce wa'adin irin wannan ƙara shekara uku ne, kodayake ba ya fara ƙirguwa a kan wanda ya rasa hankalin gudanar da shari'a. Duk da haka ta ce kada mu jira, ma'aikata suna canza wuri, shaida tana ɓacewa. Mun yi yarjejeniyar ba nasara ba biya, inda ladan nasarar da za ta cire ba zai wuce kashi 25 cikin 100 na wasu sassan diyyar ba. Na sa ta karanta mini takardar layi-layi kafin na sa hannu. Aka kawo wata ƙwararriyar nas mai zaman kanta ta duba takardun, ta rubuta cewa da an bi ƙa'ida da ciwon bai kai haka ba. Wata ashirin aka yi ana musayar wasiƙu, daga ƙarshe kamfanin inshorar gidan ya nemi sulhu. Saboda halin da Umma take ciki, sai da alƙali ya duba ya amince kafin sulhun ya tabbata. Kuɗin nata ne, a asusunta suke, daga ciki muke biyan wata baiwar Allah 'yar Zariya da ke zuwa sau uku a mako ta zauna da ita su yi hira da Hausa, ta kuma gaya wa ma'aikata abin da take cewa. Ita ce ta gano cewa Umma tana ƙin shan ruwa ne don kada ta ɓata jikinta lokacin salla ya same ta ba tsarki. Da aka tsara canza mata kunzugu kafin kowace salla, ta koma sha.

Gyambon ya ɗauki wata bakwai kafin ya rufe, ya bar tabo mai zurfi. Tana wani gida yanzu. Ba na zuwa a rana ɗaya ko lokaci ɗaya, wani sa'in da asuba, wani sa'in bayan isha'i, kuma da na shiga nake neman jadawalin juyi da na ruwa in karanta a gabansu. Bayanta da ƙugunta matata da ƙanwata ke dubawa. Ƙafafun nawa ne. Nakan cire mata safa, in ɗaga diddige ɗaya bayan ɗaya a hasken taga, in taɓa in ji ko da zafi ko tauri. Makon jiya ina cikin yi ta janye ƙafar, ta kawar da kai, ta ce wa matata, "Ki ce wa yaron nan ya bari, ba kyau." Na ce, "Umma, saura ɗaya." Ta yi shiru, sannan ta miƙo.