Talata, ranar da na sake hawa sikeli

Na farka da asuba gwiwoyina a sandare, sai da na zauna a bakin gado na ɗan jima kafin ƙafafuna su yarda su ɗauke ni. Yau ce ranar ganin likita. Tun daren jiya abin da ya tsaya min a rai shi ne sikelin da ke bakin ƙofar ɗakinsa, wanda dole a hau kafin a shiga.

Kilo 78. Lokacin da wata kaska ta cije ni ta sa min cutar Laim, wata goma sha huɗu da suka wuce, kilo 67 nake. Ma'aikaciyar jinya ta rubuta ta kira na gaba, ni kuwa na koma kujera idona ya cika da ƙwalla. Da a ce ina cin abinci fiye da yadda na saba, da na san inda zan kama. To ba haka ba ne. Akwai ranakun da gajiya ba ta barina in ci na rana ma.

Kaskar nan ko ganinta ban yi ba. Jan tabo kawai na gani a bayan gwiwata yana faɗaɗa kamar zobe, sannan zazzaɓi da ciwon kai. Aka ce cutar Laim ce, wata ƙwaya mai suna Borrelia burgdorferi da kaska ke zubawa a jini idan ta daɗe maƙale a fata. Na sha doksisaikilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, na mako uku, tabon ya ɓace, zazzaɓin ya tafi. Gajiya da ciwon gaɓoɓi da mantuwa kuwa suka zauna daram. Likita ya taɓa gaya min cewa idan irin waɗannan alamomi suka wuce wata shida bayan an gama magani, likitoci sun san da su, har suna gare su, kuma gwaje-gwajen da aka yi ba su nuna cewa ƙara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta na watanni yana warkar da su ba.

Yau dai na faɗa masa kai tsaye. Na ce, "Likita, jikina yana ƙaruwa, ni kuma ban canza komai ba." Na gode Allah bai ce min in rage ci kawai ya sallame ni ba. Ya buɗe sakamakon jinin da aka ɗiba makon jiya: gwajin TSH, mai auna aikin tairod (sashen da ke wuya, mai daidaita yadda jiki ke ƙona abinci), lafiya, sukari lafiya. Wallahi sai na ji wani iri, domin na zo da fatan a sami abu guda da za a nuna a ce ga shi, a ba ni magani.

Daga nan ya juya kan magungunana. Firegabalin da nake sha saboda zugin jijiyoyi, da amitiriftilin da nake sha da dare, duka biyun an san suna ƙara nauyi. Na biyun yana buɗe ciki, na farkon kuma yana iya tara ruwa a ƙafa. Ya danna ƙaurina da babban yatsa, ya ɗaga, sai ga rami ya zauna na ɗan lokaci kafin ya ciko. Ya tambaye ni barci. Na ce awa huɗu ko biyar, a gutsuttsure. Ya ce ƙarancin barci yana ɗaga girelin, sinadarin da ke sa jin yunwa, ya sauke leftin, mai sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Ga kuma kwanciya: naman jikin da ba ya aiki raguwa yake yi, idan ya ragu jiki ba ya ƙona abinci kamar da. Ni da nake yini a tsaye, yanzu hawa bene sai na huta a tsakiya. Ya ce za mu rage firegabalin a hankali, kada in kuskura in yanke shi lokaci guda.

Abin da ya fi taɓa ni yau a gida ya faru. Da la'asar Yaya ta zo duba ni, tun daga ƙofa ta washe baki: "Masha Allah, ƙanwata, kin murmure! Ji kumatu, ai ciwo ya tafi." Na san da zuciya ɗaya ta faɗa, kuma ba ita ce ta farko ba. Watanni ke nan mutane na ganin ƙibar nan suna yi min barka, ni kuma ina amsawa da "alhamdulillahi" in yi shiru. Tun da na fara cika, masu tambayar jikina suka ragu. Mai ramewa ake yi wa sannu. Wannan ya fi lambar sikelin yi min ciwo, domin ina nan a inda nake, an ɗauka na tashi.

Yau ban yi shiru ba. Na ce, "Yaya, ba sauƙi ba ne, kumburi ne da magani." Na kama yatsanta na danna a ƙaurina kamar yadda likita ya yi. Ta tsaya tana kallon ramin har ya ciko, sannan ta ce, "Haba, me ya sa ba ki taɓa faɗa min ba?" Ban sami amsa ba, kuka kawai na yi, ta riƙe ni.

Kafin magariba ta raka ni muka taka a hankali, minti goma cif kamar yadda likita ya ce in fara, ko da na ji zan iya ƙarawa, saboda washegari jikin ke karɓar bashinsa. Da muka dawo ta taya ni kwashe rigunan da suka matse ni muka sa a akwati. Ban yarda a bayar da su ba tukuna.

Na rubuta a littafina: barcin jiya awa huɗu da rabi, tafiya minti goma, ƙafar hagu ta fi kumbura. Likita ya ce sikeli sau ɗaya a mako ya isa, da safe, rana guda. Na zaɓi Talata.