Kanumfari a kofin giyar alkama: abin da hancina ya koya a Bavariya

Ranar da na fara shiga ɗakin gwajin ɗanɗano a tudun Weihenstephan, ƙamshin kanumfari ne ya tarye ni tun daga bakin ƙofa. Na tsaya ina waige-waige, domin a sanina wannan ƙamshi na madafin mahaifiyata ne, ranar da take haɗa kunun zaƙi ko take daka yajin jego. Ba kunu a wurin. Dogayen kofunan gilashi ne jere a kan tebur, cike da wani ruwa launin zuma mai hazo-hazo, ga farin kumfa ya yi tozo a bisa kowanne. Giyar alkama ce, wadda mutanen Bavariya ke kira Weissbier, sauran Jamusawa kuma su ce Weizen.

Karatun sarrafa abinci ne ya kai ni Freising, wani ƙaramin gari a arewa da Munich, inda Jami'ar Fasaha ta Munich take da sashenta na noma da abinci da haɗa giya. A kan tudun nan ne masana'antar giyar Weihenstephan take, wadda ke lissafa tarihinta tun daga 1040. Ni Musulmi ne, ban taɓa shan giya ba, ban kuma je don in fara ba. Tun ranar farko na faɗa wa malamar da ke kula da darasin. Ba ta ja zancen ba. Ta ce masu barasa in yi musu aiki da hanci da ido, harshe kuma in ajiye shi don waɗanda ba su da ita. A haka na yi zango biyu, kuma in ka tambaye ni yau zan ce hancin nan ya fi harshen koya mini abu.

Tambayata ta farko ita ce: a wane mataki ake zuba kanumfarin? Da na ƙara kai hanci kuma sai na ji ayaba, irin wadda ta nuna sosai har bawonta ya fara ɗigo-ɗigo. Na ce to, ita ma ayabar yaushe ake markaɗa ta? Malamar ta girgiza kai. Ba ko ɗaya a ciki. Abu huɗu ne kawai: ruwa, tsiron hatsi, yisti, da wani fure mai ɗaci da suke kira Hopfen, wanda gonakinsa suka cika yankin Hallertau, nan kusa da Freising. Tsiron hatsi ba baƙon abu ba ne gare mu. Duk wanda ya ga ana jiƙa dawa ko shinkafa har ta tsiro a shanya don kunu ya san shi. A giyar alkama doka ta ce aƙalla rabin tsiron ya zama na alkama, ragowar na sha'ir.

Ƙamshin duka aikin yisti ne. Irin da ake amfani da shi yana son ɗumi, wajen digiri 20, kuma yana tasowa sama idan ruwan yana tsimuwa. Shi ke samar da sinadarin aisoamil asitet, wanda shi ne ainihin abin da ke ba ayaba ƙamshinta. Na kanumfarin kuwa yana da hanya mai tsawo. A cikin hatsin akwai wani sinadari, asid ɗin ferulik. Idan mai haɗawa ya bar dagwalon tsiron ya ɗan jima a zafi wajen digiri 45, sinadarin zai fito da yawa, daga baya yistin ya juya shi zuwa mai ƙamshin kanumfari. In ya ƙara ɗumi lokacin tsimuwa, ayaba ta rinjaya. Kenan da ma'aunin zafi da agogo kaɗai mutum yake zaɓar abin da hancin mai sha zai ji. Wannan abu ya burge ni ƙwarai, har yanzu yana burge ni. Na yi makonni ina rufe ido ana miƙo mini kofi, in shinshina in faɗi wane ɓangare ya fi ƙarfi, har na kai ina bambanta ta gida kaza da ta gida kaza ba tare da ɗigo ɗaya ya taɓa leɓena ba.

Kuskuren da na yi, a waje da aji na yi shi. Wata Asabar bayan mun dawo daga yawon keke a gefen kogin Isar, na sayi kwalba da aka rubuta alkoholfrei a jikinta, wato marar barasa, na shanye. Sai da yamma wani abokin karatuna ɗan Turkiyya ya juya kwalbar ya nuna mini ƙaramin rubutu a baya. A Jamus ana iya kiran giya alkoholfrei matuƙar barasar cikinta ba ta wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba. Wadda aka cire mata gaba ɗaya ita ce ake rubuta wa 0,0%, da waƙafi a tsakiya kamar yadda suke rubuta lamba. Raina ya ɓaci a daren nan. Ba wanda ya yaudare ni, rubutun yana nan, ni ne ban karanta ba.

Na kira babban wana na faɗa masa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: “Ka yi istigfari, ba da sani ka yi ba. Amma me ya kai ka bakin rijiya tun farko?” Na ce: “Yaya, karatun da aka turo ni ke nan, kuma ina kiyayewa.” Ya tuna mini hadisin da ke cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Muka daɗe muna magana. Gaskiyar lamari, ko a kan mai 0,0% malamai ba su haɗu a kan baki ɗaya ba. Wasu suna duba abin da ke cikin kwalbar a ƙarshe su ce ba maye, ba laifi. Wasu suna cewa tunda asalinta giya ce aka tace, ko kuma tunda shan ta kwaikwayon mashaya ne, a bar ta. Ni ba mai fatawa ba ne. Abin da na tsaya a kai shi ne 0,0% kaɗai, kuma ba na zama inda ake shaye-shaye har a bugu. Yaya bai gamsu ɗari bisa ɗari ba, ina kuma girmama matsayinsa.

Daga nan na fara ɗanɗanawa da natsuwa, na kuma gano cewa marasa barasar ba ɗaya suke ba. Hanya ɗaya ita ce a tsayar da tsimuwa tun barasa ba ta taru ba. Irin wannan tana fitowa da zaƙi-zaƙi da ɗanɗanon dafaffen hatsi, har ta kan tuna mini da Maltina, sai dai ba ta kai ta kauri ba. Ɗaya hanyar a bar ta ta tsimu sarai, sannan a janye barasar a tukunyar da aka zuƙe wa iska don ta tafi ba tare da zafi mai yawa ba, ko a tace ta da wata matata mai ƙananan ƙofofi. Wannan ta fi kusa da ƙamshin da hancina ya saba da shi a aji, ko da yake wani ɓangare na ayabar yana bin barasar ya tafi. Na sha wadda ba ta da maraba da ruwan burodi, na kuma sha wadda na ajiye kofin na yi shiru don daɗi.

Zuba ta ma sai an koya. Dattijuwar da nake haya a gidanta ce ta nuna mini, bayan ta ga na cika mata tebur da kumfa. Kofin dogo ne, mai cin rabin lita, siriri a ƙasa, buɗaɗɗe a sama. Za ka fara ɗauraye shi da ruwan sanyi, kada ka goge. Ka karkata shi sosai, ka zuba a hankali ta gefe. Idan saura kaɗan a kwalbar sai ka tsaya, ka jujjuya ta don yistin da ya kwanta a gindi ya tashi, sannan ka ƙarasa a bisa kumfan. Kana kallo hazon zai sauka cikin kofin kamar an ɗiga nono a ruwa. Ta kuma hana ni sa ta ta yi sanyi ƙarara. Da na gwada na ga gaskiyarta: daga firij kai tsaye ba ka jin komai sai iska mai tsatstsafar harshe, amma in ta huta minti biyar sai kanumfarin ya buɗe.

Tarihinta kuwa sai da na je Kelheim, a bakin kogin Danub, ya zauna mini a kai. Dokar tsarkin giya da aka kafa a Ingolstadt a 1516 ta yarda da sha'ir da Hopfen da ruwa ne kawai, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne a bar alkama don burodi kada abinci ya yi tsada. A 1548 aka ba gidan sarautar Degenberg izini na musamman su yi giyar alkama. Da zuriyarsu ta ƙare a 1602, Maximilian na Ɗaya, mai mulkin Bavariya a lokacin, ya karɓe izinin ya mayar da shi na fada kaɗai, ya gina masana'antu, ciki har da ta Kelheim a 1607, kuɗi suka riƙa shiga baitulmali. Daga baya mutane suka juya mata baya har ta kusa ɓacewa, sai wani mai haɗa giya, Georg Schneider, ya karɓi haƙƙin yin ta daga fada a 1872, zamanin Sarki Ludwig na Biyu. Zuriyarsa ce ke aiki a tsohon ginin Kelheim ɗin yau. Ina tsaye a tsakar gidan na riƙa tunanin yadda rigimar hatsin ci da hatsin sha ta tsufa haka.

A lambunan shan giya na Bavariya an yarda mutum ya zo da abincinsa, al'adar da ta samo asali daga wata dokar sarki ta 1812. Abin da suka fi haɗa giyar alkama da shi shi ne farin tsiran Weisswurst da safe, wanda akwai naman alade a ciki, don haka ban kusance shi ba. Cukun nan da ake kira Obatzda ma sai ka tambaya, domin wasu suna ɗiga masa giya. Ana saura mako biyu in dawo gida, na sayi naman sa a wurin mahaucin Turkawa, na gasa tsire da yajin ƙulin da aka aiko mini, muka ɗauka da dattijuwar nan da abokina ɗan Turkiyya muka zauna ƙarƙashin itatuwa da rana tsaka, lokacin iyalai da yara ne suka cika wurin. Na zuba mai 0,0% yadda ta koya mini. Rashin ɗacinta ya sa ba ta faɗa da barkono, iskar cikinta tana wanke maiƙon ƙuli daga harshe, kanumfarin kofi kuma ya haɗu da na yaji. Dattijuwar ta ci tsinke uku, idonta yana hawaye, ta nemi in rubuta mata yadda ake haɗa yajin kafin in tafi. Na rubuta mata a bayan takardar mahaucin.