Ci kamar gara, jiki kamar sillen kara

Autana yana shekara 5 abin ya fara, a tsakiyar damina. Yaro ne mai ci. Malmalar tuwo biyu yake tashi da ita da dare, da safe kuma ya riga kowa zuwa gindin tukunyar ɗumame. Sai na lura wandon makarantarsa yana zamewa daga ƙugu. Ciki a kumbure, haƙarƙari kuwa kana iya ƙirga su daga nesa.

Surukata ta dube shi ta ce, "'Yar nan, tsutsar ciki ce ke cinye masa abinci. Je ki kemis ki karɓo ƙwayar nan guda da ake taunawa." Na ce to, Inna. Ya tauna, mako uku shiru kake ji. Wata maƙwabciya ta fara ɗauko zancen mayu, na yi mata kunnen uwar shegu.

Ku yi haƙuri da abin da zan faɗa, domin shi ya kai mu asibiti: bayan gidansa. Ba gudawar nan ba ce mai tsinkewa kamar ruwa. Mai yawa ne, fari-fari, ga maiƙo, ga ɗoyi, kuma fo ba ya wankuwa sai da sabulu. Idan ya yi gyatsa kuwa, sai ka ce an fasa ruɓaɓɓen ƙwai a ɗaki.

Ina gama bayani likita ya ce, "Maman yaro, ina kuke samun ruwan sha?" Na ce rijiyar gida. Ya juya takarda ya yi mini zane. Ƙaramin hanjin babban mutum, in ji shi, ya kai kimanin mita 6, kuma cikinsa ba sumul yake ba, kamar tawul yake, cike da 'yan gashi ƙanana. Su ne ke tsotse amfanin abinci su miƙa wa jiki. Akwai wata ƙwayar cuta, giyadiya, da ke shiga ta gurɓataccen ruwa ta je ta liƙe a kansu ta lalata su. Daga nan sai mai ya wuce ba a tsotse shi ba, shi ne maiƙon da nake gani. Bitamin A da D da E da K ma su bi shi, domin sai da mai suke shiga jiki. Na tuna yadda nake ta ɗura wa yaro miya mai manja ina jiran ya yi ƙiba, ashe rariya nake zuba wa.

Gwajin farko bai nuna komai ba. Raina ya ɓaci, ga kuɗi an kashe. Likita ya ce ƙwayar ba kullum take fitowa a bayan gida ba, shi ya sa ake son a kawo sau uku a ranaku daban-daban. A na biyu aka gan ta. Daga baya na karanta cewa wanda ya fara ganinta wani mai sayar da yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, a 1681, kuma a bayan gidansa na kansa ya hango ta da madubin ƙara girman ƙananan abubuwa da ya ƙera. Na yi dariya, ashe ba ni kaɗai ce mai leƙa fo ba.

Aka rubuta wa yaron maganin Flagyl na 'yan kwanaki. Ɗaci gare shi, kowane cokali sai an yi kokawa, amma kafin mako ya zagayo warin gyatsa ya ɗauke.

Sai kuma na tafka nawa kuskuren. Don ya mayar da jikinsa da wuri, na shiga dama masa madarar gari safe da yamma. Ciki ya sake kumbura, yana ƙugi, gudawa ta dawo. Na koma a gigice na ce magani bai yi ba. Likita ya ce ya yi, madarar ce. Sinadarin da ke narkar da sukarin madara a kan 'yan gashin nan yake zaune, idan suka ji rauni shi ke fara tafiya, kuma yakan ɗauki makonni kafin ya dawo. Ya ce a ajiye madara tukuna, a ba shi kunun gyaɗa da wake da ƙwai da kifi da zogale, kindirmo kuma kaɗan-kaɗan, tunda tsamin ya riga ya rage sukarin. Ya ƙara da cewa in aka yi wata biyu nauyi bai hau ba, zai duba ko alkama ce hanjinsa ba ya so, domin akwai masu irin wannan lalurar, burodi da taliya ke ramar da su. Alhamdu lillahi ba mu kai nan ba.

Rijiyar tana nan, taku kaɗan ne tsakaninta da masai, mai gidan da muke haya kuma ya ce shi da ita ya girma. Maganin tsabtace ruwa na kulorin ba ya kashe wannan ƙwayar cikin sauƙi, tafasawa ce ke gamawa da ita. Don haka kullum bayan isha'i nake ɗora babbar tukunya a kan gawayi, in bar ta ta huce kafin asuba in juye a randa. Inna har yau cewa take tafasasshen ruwa ba shi da daɗi, ita nata buta daban take cikawa daga rijiya, amma ta daina ba jikanta.