Maganar Cosby a teburin mai shayi

Jiya da daddare a Nima, ni da Kawuna muka kusa ɓatawa a kan Bill Cosby, ɗan wasan barkwancin Amurka da kotu ta saki bayan an ɗaure shi kan cin zarafin wata mata. Shayinsa har ya huce bai kurɓa ba.

Cewa yake: "Ɗana, mai kuɗi ne kawai ya sayi kansa." Na ce Kawu, ai ba nan gizo ke saƙar ba. A 2005 mai gabatar da ƙara, Bruce Castor, ya ce ba zai gurfanar da shi ba. Da wannan alkawari Cosby ya saki baki a ƙarar neman diyya da matar ta shigar, har ya amsa cewa ya nemi ƙwayoyin sa maye don bai wa mata. Daga baya aka ɗauko kalamansa aka ɗaure shi a 2018. A 2021 kotun ƙolin jihar Pensilbaniya ta ce an yi masa tarko, ta sake shi. Ba ta ce bai aikata ba.

Ni dai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, mutum ɗaya ne ya yi alkawarin, matar kuma ta kwashi asara.

Kawu ya ture kofin, ya ce a sake ɗumama masa.