Abin da ya taɓa fuska ba ya komawa cikin kwalba

Wacce ta koya min kwalliya a Agege, nan Legas, doka ɗaya ta fara kafa min tun kafin ta bari in riƙe burushi, wai duk abin da ya taɓa fuskar mutum to ya gama aikinsa, ba ya komawa cikin kwalba. Jambaki a kankaro da ɗan tsinken ƙarfe a ɗora kan farantin silba, fandeshan a tsiyayo a faranti, maskara kuwa da ƙananan burushin nan na yarwa, a tsoma sau ɗaya a shafa a jefar, in bai isa ba a ɗauko sabo. Dokar ba wuya wallahi, yaro ma zai haddace. Abin da na gane daga baya shi ne abu biyu ke karya ta a garin nan, sauri da kunya.

Saurin kowa ya sani. Ɗaurin aure a Obalende ke kuma kina Agege, gosulo ya riƙe ki a hanya, kin iso amarya na jira ƙawaye na jira mai hoto sai kallon agogo yake, a irin wannan lokacin ne hannu ke kai wa ga soso ɗaya a bi fuskoki da shi. Shi ya sa ni tsaftar kayana a gida nake gama ta tun daren jiya. Kowace fuska da jakarta ƙarama, soso sabo, burushin ido, na leɓe, audugar kunne, sai wata leda daban da nake zuba duk wanda aka yi amfani da shi don kar ya haɗu da mai tsafta. In na shiga ɗaki ba sai na tsaya tunani ba, ɗauka kawai nake.

Sai maganar laimar Legas, wannan kam ta ba ni wuya. A Kano lokacin hunturu ki wanke burushi da magariba kafin ki kwanta ya bushe ƙarau, nan kuwa cikin damina, musamman Yuni da Yuli, babban burushin hoda sai ya kwana ya wuni cikinsa da danshi, in kika zuge shi a jaka haka nan sai ki ji wani wari na tashi, funfuna ce ta fara kama shi. Dole na yi saiti biyu, ɗaya na aiki ɗaya na shanya. Ina wankewa da sabulu mai laushi da ruwa mai ɗan ɗumi har ruwan ya fito fari, in kwantar da su a bakin tebur gashin na leƙo waje, fanka na kaɗawa in akwai wuta. Ba a tsayar da su a kofi suna jiƙe, ruwa zai gangara cikin ƙarfen ya saki gam ɗin, gashi ya fara zuba a fuskar mutane.

Sifirit kuma, wanda ake fesa wa kaya don kashe ƙwayoyin cuta, mai kashi 70 ake so. Mutane na ganin mai 99 ya fi ƙarfi, amma shi da an fesa ya tashi, ruwan da ke cikin mai 70 ɗin ne ke sa ya daɗe a jiƙe har ya ratsa ƙwayar cutar. Kuma ba ya maye gurbin wanki, sabulu ne farko sannan shi. Jagira a feƙe ta a goge, hoda a share samanta da tishu a fesa a bari ta sha iska. Maskara dai ba yadda za ki yi da cikinta, wata 3 da buɗewa sai bola ko da rabi ce. Sauran kayan ki duba ɗan hoton kwalba buɗaɗɗiya a jikinsu, za ki ga 6M ko 12M, watannin da za su yi ke nan bayan an buɗe, ni ina rubuta ranar buɗewa da maka a ƙasan kowanne. Soso shi ya fi ba ni tsoro. A 2019 masu bincike a jami'ar Aston ta Ingila sun gwada kayan kwalliyar da mata ke amfani da su, akasarinsu da ƙwayoyin cuta har irin su E. coli, kuma soson nan ne ya fi kowanne datti saboda sau da yawa a jiƙe ake ajiye shi. To wannan a Ingila fa, ina ga namu da ke cikin zafi da gumi. Ni in na gama da shi na amarya ne, kyauta, ba ya dawowa jakata.

Kunyar ita ce babbar jarabawa. Kin gama da amarya kina haɗa kaya sai gwaggonta ta matso, "'yar nan ɗan goga min jambakin nan mana", kina ɗaga ido ki ga ƙurjin zazzaɓi a gefen leɓenta, kuma wannan ƙurjin yana yaɗuwa ta abin da ya taɓa shi. Mu da aka raina da cewa ba a musa wa babba, bakinki sai ya yi nauyi. Abin da nake yi, in ɗan rusuna in ce "Gwaggo bari in ɗebo miki naki daban, wannan kalar ma ta fi dacewa da ke", in kankaro a tsinke in miƙa mata ta shafa da kanta. Ba a taɓa jin haushi ba, yawanci ma albarka ake sa min. Haka ƙannen amarya masu sa yatsa cikin hoda, da su kam ba na kunya, akwatina a rufe yake in ba ni na buɗe ba.

Ido ne ba na sassauci a kansa ko kaɗan. Apolo in ya shigo unguwa sai ya bi gida gida, tandun kwalli ɗaya da tsinke ɗaya da ake zagayawa da shi a ɗaki ya isa ya raba wa kowa. Mai jan ido ko hazbiya ba na yi mata kwalliyar ido, in gaya mata a hankali a gefe ba cikin mutane ba, in gyara mata gira da sauran fuska da kayan yarwa, in ce ta je asibiti a duba. Gashin ido na mutum ɗaya ne, kuma ba na hura gam da baki don ya yi saurin kamawa, kaɗa shi nake a iska. Waya ma in na taɓa ta don ɗaukar bidiyo sai na sake tsaftace hannu.

Duk wannan yana cin riba, ba ƙarya. Duk zuwana kasuwar Balogun ko ta Trade Fair sai na ware kuɗin kayan yarwa da sifirit, kuma ina duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa don jabu sun yi yawa. Na saka shi cikin farashina ina kuma faɗa wa amarya dalili. Yanzu tun a WhatsApp ranar da aka kama rana nake tambaya, akwai abin da fatarki ba ta so, gam ɗin gashin ido ya taɓa kumbura miki ido, mutum nawa za a yi wa, don in san jaka nawa zan haɗa.