Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Aiki da Huhu Ɗaya

A makon jiya na tsaya a inda aka mayar da ni ɗakin tiyatar ƙirji. Mutane kan ɗauka aikin likitan sa barci bai wuce allura ba, mutum ya yi barci, shi ke nan. To, a nan ne na ga nauyin aikin. Likitan fiɗa ba ya iya taɓa huhun da ke kumbura yana sacewa, dole a tsayar da shi cik, ɗayan ya ɗauki jiki duka.

Da bututu mai hanya biyu da ake zurawa a maƙogwaro muke yin haka, wanda wani likita mai suna Carlens ya fito da shi a Suwidin a 1949, wani likitan mai suna Robertshaw ya gyara shi a Ingila a 1962. Ana kwantar da majiyyaci a gefe, huhun da za a yi wa aiki a sama, mu rufe masa iska. Matsalar ita ce jini bai san da wannan shiri ba. Yana ci gaba da bi ta huhun da ya sace, ya koma zuciya ba tare da iskar oksijin ba. Allah Ya yi wa jiki dabara: jijiyoyin jinin da ke wajen da iska ba ta kai sukan tsuke, su tura jini inda iska take. Amma ga wanda taba ta riga ta cinye wa huhu, dabarar ba ta cika isa ba.

Irin wannan ne wani dattijo da aka kawo mana da ciwon daji a huhun dama, wanda shi ne babba, mai sassa uku. Kafin aiki na raka shi hawa bene don in gwada ƙarfin numfashinsa, ina riƙe da hannunsa. Bai kai rabi ba ya jingina da bango yana haki.

"Baba, mu huta."

"Ɗana, in dai wannan ne gwajin, ai na faɗi."

Bai faɗi ba, amma ya shiga layin waɗanda muke jin tsoro.

Ana cikin aiki, sautin na'urar auna oksijin da ke maƙale a yatsarsa ya fara yin ƙasa. Kunne ne ke fara ji kafin ido ya ga lamba. Ta sauka zuwa 87. Na ce wa likitan fiɗa, "Yallaɓai, a ɗan dakata." Na ƙara oksijin, na zura ƙaramar kyamara na tabbatar bututun bai goce ba, sannan na hura iska kaɗan cikin huhun sama. Lamba ta hau a hankali.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ma zuciya ce. In aka ɗaure jijiyar jinin huhu, ɓangaren dama na zuciya ke shan wuya, domin jinin nan duka zai tura ta ƙuntatacciyar hanya. Matasan likitoci da yawa, da sun ga awon jini ya faɗi, sai su ƙara ruwan leda. Ni ban yarda da wannan ba a tiyatar huhu: ruwan kan taru a huhun da ya rage. Magani mai matse jijiyar jini na ba Baba, kaɗan-kaɗan.

Sashe ɗaya kawai aka cire. Baba ya farka yana numfashi da kansa. A dare na biyu kuwa bugun zuciyarsa ya rikice, aka buga mini waya. Wannan sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.